RA'AYI: Batirin Ajiyar Wuta a Gidajen Kaduna, A Yi Lissafi Kafin A Saya

Kogin da ya raba birnin Kaduna gida biyu shi ne aka datse a Shiroro, inda tashar da aka buɗe a 1990 take da ƙarfin megawat 600, kuma shi ne aka sake datsewa a Zungeru. Manyan wayoyin da ke ɗauko wannan wuta suna sauka ne a babbar tashar Mando, daga nan a rarraba ta zuwa Kano da Jos da sauran wurare. Duk da wannan kusanci, mazaunin Kawo ko Malali ko Unguwar Rimi ko Tudun Wada ba ya iya rantsuwa cewa wutar da ya kwanta da ita zai tashi da ita. Tun daga zamanin Hukumar NEPA da aka kafa a 1972, zuwa PHCN da ta gaje ta a 2005, har zuwa sayar da kamfanonin rarraba wuta da aka fara a 2013, sunaye ne suka yi ta sauyawa, amma ɗauke wuta ba zato ba tsammani yana nan inda yake. Abin da ya faru a watan Oktoba na 2024, lokacin da aka lalata layin da ya taso daga Shiroro zuwa Mando, jihohin Arewa da dama suka shafe fiye da mako guda cikin duhu, ya isa ya zama darasi ga kowa.

A shekarun baya, idan aka ɗauke wuta, akawu yakan ci gaba da buga tafireta, ɗalibi ya kunna fitilar ƙwai ya ci gaba da karatunsa. Yau zamani ya wuce nan. Ma'aikacin Sakatariyar Jiha da ke kan titin Independence, da takwaransa na Sakatariyar Tarayya da ke Kawo, sukan kwaso ragowar aiki su ƙarasa a gida kan kwamfuta. Ɗalibin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna da na Jami'ar Jihar Kaduna ba su da hanyar yin rajista, ko biyan kuɗin makaranta, ko rubuta kundin kammala karatu, sai ta wannan na'ura. Tun 2015 jarrabawar shiga jami'a ta JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya. Saboda haka wannan jarida tana ganin batirin ajiyar wuta ya fita daga jerin kayan alatu, ya shiga jerin kayan aiki. Sai dai kaya ne da ke cin kuɗi mai yawa, yana kuma iya cin dukiya da rai idan aka yi masa riƙon sakainar kashi. Wajibi ne mai saye ya san abin da yake saye, mai sayarwa ya faɗi gaskiya, hukuma kuma ta sa ido.

Da farko ya kamata a san irin ɓarnar da ake gudu. Idan wuta ta yanke farat ɗaya alhali kwamfutar tebur tana aiki, duk abin da aka rubuta ba a adana ba ya tafi ke nan. Wannan ita ce ƙaramar asara. Babbar ita ce idan yankewar ta zo daidai lokacin da na'urar take rubuta bayani a rumbun ajiyarta, ko tana sabunta manhajarta, domin a nan fayil yakan lalace, wani lokaci ma na'urar ta ƙi tashi sam. Akwai kuma wuta mai rauni, wadda ta saba zuwa da daddare a unguwannin da taransifoma ɗaya ke ɗauke da gidajen da suka fi ƙarfinta. Akwai wadda takan dawo da ƙarfi fiye da kima bayan an ɗauke, ga kuma tsawa da walƙiya na damina. Ka'idar wutar ƙasar nan bolt 230 ce, amma abin da ke isowa soket sau da yawa yakan yi ƙasa ko ya yi sama da haka nesa ba kusa ba. Kowace ɗaya daga cikin waɗannan matsaloli tana da maganinta, kuma ba na'ura ɗaya ce ke maganinsu duka ba.

A nan ne mutane da yawa suke yin kuskuren farko, watau haɗa na'urori uku a ɗauke su abu guda. Sitabilaiza aikinta daidaita ƙarfin wuta ne kawai, ba ta da batir, da an ɗauke wuta ita ma ta mutu. Ƙaramin akwatin ajiyar wuta wanda 'yan kasuwa ke kira UPS yana da ɗan batir a cikinsa, yana kuma karɓar aiki cikin ƙiftawar ido kafin kwamfuta ta farga, amma an yi shi ne don ya ba mutum 'yan mintoci ya adana aikinsa ya kashe na'ura cikin natsuwa. Inbata da manyan batura kuwa ita ce ake nufi da riƙe gida na sa'o'i. Wanda ya sayi UPS yana tsammanin zai yi rubutu da ita daga isha'i zuwa asuba ya yaudari kansa, kuma zai kashe batirin cikin 'yan watanni. Wanda ya sayi inbata don kwamfutar tebur kuma ya kamata ya tambaya ko tana da saurin karɓar aiki, domin wasu sukan yi jinkirin da ya isa ya kashe kwamfuta kafin su kama.

Kazalika ya kamata ɗalibi ya tsaya ya yi tunani kafin ya taɓa kuɗin makarantarsa. Kwamfutar tafi-da-gidanka tana da batirinta a jikinta, watau ita kanta tana ɗauke da nata UPS. Idan batirin ya mutu, sauya shi ya fi sayen wani akwati sauƙi da amfani. Abin da irin wannan ɗalibi ya fi bukata shi ne soket mai kariya daga tashin wuta, da ɗan ƙaramin batir na na'urar rarraba intanet, wadda cinta bai cika wuce wat 10 ba. Ba kowace matsala ce ke bukatar babban kaya ba.

Ga wanda yake bukatar UPS kuwa, iri uku ne a kasuwa. Na farko shi ne mafi araha, yana zaune ne kawai yana jiran wuta ta yanke ko ta yi rauni sa'an nan ya koma kan batir. A gari irin Kaduna, inda wuta ke hawa da sauka dare da rana, wannan yakan yi ta komawa kan batir har ya ƙare shi alhali akwai wuta a gari. Na biyu yana da abin daidaita wuta a cikinsa, yana ɗaga mai rauni, yana rage mai ƙarfi, ba tare da ya taɓa batir ba sai ta yanke ɗungurungum. Wannan shi ya fi dacewa da gidan ma'aikaci. Na uku shi ne wanda kullum yake sarrafa wutar da kansa kafin ya miƙa ta, ba ya da jinkiri ko kaɗan, amma tsadarsa da cin wutarsa sun sa ya fi dacewa da bankuna da asibitoci da manyan ofisoshi. Har wa yau akwai bambanci a irin wutar da na'urar ke fitarwa. Wasu suna fitar da wuta mai santsi irin ta gari, wasu kuma mai tsalle-tsalle ce da aka kwaikwaya. Sababbin kwamfutocin tebur da dama ba sa jituwa da ta biyun, sukan yi ƙara ko su mutu daidai lokacin da ake bukatarsu. Tambayar wannan a shago ba ƙauyanci ba ne.

Kuskure na biyu shi ne rashin lissafi. A jikin kwalin UPS akan rubuta babban adadi da haruffan VA, alal misali 650 ko 1000 ko 1500. Wannan adadi ba shi ne wat ba. A ƙananan na'urori na gida, wat ɗin da za su iya ɗauka yakan kasance kusan kashi 60 cikin 100 na abin da aka rubuta, watau mai 650 tana ɗaukar wat 390 ko ƙasa da haka, mai 1000 kuma wajen wat 600. Abin da ya kamata mutum ya yi tun yana gida shi ne ya duba bayan kowace na'ura ya rubuta cinta. A ce kwamfutar tebur tana cin wat 120, allonta 30, na'urar intanet 10, jimla 160 ke nan. Sai ya ƙara rubu'in wannan adadi don sarari, ya zama 200. Mai 650 ta ishe shi har da ragi. Amma tsawon lokacin da za ta riƙe shi wani lissafi ne dabam, kuma batir ne ke yanke shi. Yawancin waɗannan ƙananan akwatuna batir ɗaya ne a cikinsu mai bolt 12 da Ah 7. Idan aka ninka 12 sau 7 za a sami 84, watau a takarda zai ba da wat 84 na sa'a guda. A kan kaya mai cin wat 160 wannan rabin sa'a ne a lissafi, amma da yake batirin dalma ba ya ba da duk abin da ke cikinsa idan aka zuƙe shi da sauri, ga kuma wutar da ke salwanta wajen sarrafawa, abin da mutum zai gani a zahiri bai cika wuce minti 10 zuwa 15 ba. Duk mai shagon da ya yi alkawarin sa'o'i a kan irin wannan akwati, to, ya faɗi son ransa ne.

Lissafin inbata ma haka yake tafiya. Babban batir mai bolt 12 da Ah 200 yana ɗauke da 2,400 a takarda. Amma batirin dalma ba a son a riƙa shanye fiye da rabinsa idan ana so ya daɗe, saura 1,200. Idan aka cire abin da inbatar kanta ke ci, abin da ya rage bai wuce 1,000 ba. A kan kayan nan masu cin wat 160, sa'a shida ke nan ko sama kaɗan. Idan kuwa tafi-da-gidanka ce mai wat 60, da na'urar intanet, da ƙwai biyu marasa cin wuta, jimla wat 90, za a sami wajen sa'a goma sha ɗaya. Sa'an nan sai tambayar da aka fi mantawa da ita: yaushe batirin zai cika? Mayar da abin da aka sha daga irin wannan batir yana bukatar sa'o'i masu yawa na wuta mai kyau a jere. Tsarin da Hukumar NERC ta shigo da shi a 2020 ya kasa masu amfani da wuta rukuni biyar, daga rukunin A da aka yi wa alkawarin aƙalla sa'a 20 a rana, zuwa rukunin E mai sa'a 4. Mutumin da unguwarsa ke samun wuta sa'a huɗu ko biyar, ita ma a gutsuttsure, batirinsa ba zai taɓa cika ba, kuma batirin dalma da ke kwana da yunwa kullum yakan mutu da wuri. Irin wannan gida sai ya haɗa da faifan sola, in ba haka ba kuɗinsa ya bi ruwa. Wanda ke rukunin A kuwa ya tuna cewa a watan Afrilu na 2024 an ɗaga farashin wutarsa ya ninka har sau uku, kuma duk wutar da ta shiga batir sai ta bi ta mita.

Game da irin batir, na dalma shi ne tsohon hannu, tun 1859 wani Bafaranshe mai suna Gaston Planté ya ƙirƙiro shi. Akwai rufaffe wanda ba a ƙara masa ruwa, irin na cikin UPS, akwai kuma dogo mai ruwa wanda ake dubawa lokaci lokaci. Na litiyam sabon shiga ne, ya fi tsada a ranar saye, amma ana iya shan kashi 80 cikin 100 nasa ko fiye, yana cika da sauri, ba shi da nauyi, kuma mai kyau daga cikinsa yana jure caji sau dubbai. Idan aka raba kuɗinsa a kan shekarun da zai yi, sau da yawa shi ne mai arahar. Sharaɗinsa shi ne ya kasance da na'urar cikinsa mai hana shi cika fiye da kima ko yin zafi, a kuma haɗa shi da cajar da aka yi dominsa. Batirin litiyam da aka harhaɗa a bayan shago daga tsofaffin ƙwayoyin batirin kwamfuta, ba tare da wannan kariya ba, ajiye shi a ɗaki daidai yake da ajiye galan ɗin fetur kusa da murhu. Batirin mota kuma an yi shi ne don ya ba da wuta mai yawa na daƙiƙoƙi ya tada inji, ba don a riƙa shanye shi kowane dare ba. Hausawa sun ce araha ba ta ado, kuma babu inda maganar ta fi zama daidai kamar a nan.

A wajen saye, ko a shagunan titin Ahmadu Bello ne, ko a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, akwai abubuwan da bai kamata a yi kunyar nema ba. A nemi ranar da aka ƙera batirin, domin batirin dalma yana tsufa ko a kan kanta yake, kuma wanda ya yi wata shida ba a yi masa caji ba ya fara lalacewa. A ɗaga shi a ji nauyinsa, domin dalma ƙarfe ne mai nauyi, batirin da aka rubuta masa Ah 200 amma yaro zai iya ɗauka da hannu ɗaya ƙarya ce aka liƙa masa. A nemi rasit mai ɗauke da lambar na'urar da sharaɗin garanti a rubuce. A sa a gwada ta a shagon da kaya a kanta, a zare fulogi a ga ko za ta riƙe. Masu sha'awar kayan hannu da ake shigowa da su daga waje su duba da kyau, domin na'urar da aka yi don Amurka ta bolt 120 ce, da an cusa ta a soket ɗin ƙasar nan sai hayaƙi. Ko da ta dace da wutar nan, a ɗauka cewa batirin cikinta ya riga ya gama aiki, a sa kuɗin sabo a cikin ciniki.

Bayan saye sai zama da kaya, kuma a nan ne maganar ta tashi daga batun kuɗi ta koma batun rai. Masu ƙera batirin dalma suna auna rayuwarsa ne a kan zafin da bai wuce digiri 25 ba, inda ƙaramin rufaffe yakan yi shekara uku zuwa biyar. Duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan haka yana raba wannan rayuwa biyu. A watannin Maris da Afrilu zafin Kaduna yakan haura digiri 35 a inuwa, balle a ɗakin kwano marar silin. Don haka a ajiye na'ura inda iska ke ratsawa, nesa da rana, a ɗaga ta daga ƙasa saboda ruwan damina, kada a rufe ta da zane ko a ɗora mata littattafai, a kuma riƙa share ƙurar hunturu daga ƙofofin iskarta. Batir mai ruwa yana fitar da wata iska mai suna haidurojin yayin caji, wadda ba a gani ba a kuma jin warinta, amma idan ta taru ta kai kashi 4 cikin 100 na iskar ɗaki, tartsatsi ɗaya ya isa ya tashi wuta. Bai halatta a ajiye shi a ɗakin kwana ba, ko a ƙarƙashin gado, ko a kicin kusa da tukunyar gas, kuma ba a kunna ashana ko taba a kusa da shi. Ruwan cikinsa asid ne mai cin fata da makantar da ido. Idan ya ragu, tataccen ruwa na batir kaɗai ake ƙarawa, ba na famfo ko na rijiya ba. Idan ya fallatsa a jiki ko a ido, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta na tsawon lokaci, sa'an nan a garzaya asibiti. Yara kuma a nisanta su da wurin.

Kada a ɗora wa ƙaramar UPS abin da ya fi ƙarfinta. Dutsen guga, da abin dafa ruwa, da firji, da injin jan ruwa, ba su da wuri a kanta. Haka ma firinta irin ta leza, wadda takan zuƙi wat ɗaruruwa a lokacin da take ɗumama kanta. Jona wayar ƙari a kan wata wayar ƙari, da cusa tsirarar waya a soket a danne da tsinken ashana, da ɗaure fis ɗin da ya ƙone da zaren waya, duk hanyoyi ne na gayyato gobara. Ƙafa ta uku ta fulogi, wadda wasu ke karyewa don ta shiga soket, ita ce hanyar da wutar da ta ɓalle take bi ta shige ƙasa maimakon ta bi ta jikin mutum, kuma ba tare da ita ba kariyar da na'urar ke bayarwa daga tashin wuta ragaggiya ce. Gidajen haya da yawa a tsofaffin unguwanni ba su da wannan waya ta ƙasa sam, ya kamata a sa masani ya duba. Idan hadari ya taso da tsawa, babu kariyar da ta kai zare fulogi daga bango. Mai ƙaramin janareto kuma ya sani cewa UPS da yawa ba sa karɓar wutarsa saboda rawar da take yi, kuma shi janareton wurinsa waje ne, nesa da taga, domin hayaƙinsa ya sha hallaka iyali guda a dare ɗaya.

Haɗa inbata da wayoyin gida ba aikin ɗan koyo ba ne. Wayar da ke tsakanin batir da inbata tana ɗaukar wuta mai yawan gaske, dole ta zama mai kauri, gajeriya, da fis ko abin yanke wuta kusa da batirin. Sifana ɗaya da ta faɗa tsakanin kawunan batir biyu tana iya narkewa nan take. Mafi muhimmanci shi ne makunnin sauya layi, wanda ke raba wutar gida da ta gari. Duk wanda ya mayar da wutar inbata ko ta janareto cikin soket ɗin bango ba tare da wannan makunni ba, yana tura wuta ne zuwa kan falwaya, inda mai yiwuwa wani ma'aikaci yana can sama yana gyara da tabbacin cewa layin a mace yake. Wannan ba ganganci ba ne kawai, ɗaukar alhakin rai ne. Haka kuma a sani cewa UPS tana da wuta a cikinta ko an zare ta daga bango, buɗe ta sai wanda ya san aikin. Batirin da ya kumbura, ko yake zafi fiye da kima, ko yake wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai, a kashe na'urar a cire shi ba tare da jinkiri ba. In wuta ta kama, a fara yanke lantarki daga babban makunni, kada a watsa ruwa a kan kayan da ke jone, a fitar da mutane, a kira 'yan kwana-kwana. Ƙaramar tukunyar kashe gobara ta gari ba ta kai kuɗin batir ɗaya ba.

Saura batun mataccen batir, wanda jama'a suka fi ɗauka da wasa. An saba 'yan gwangwan su zo ƙofar gida su saya, su fasa shi a kwata, su zubar da ruwan, a kai dalmar inda za a narka ta a fili. Mutanen Arewa ba sa bukatar a ba su labarin gubar dalma, domin a 2010 yara fiye da 400 suka rasu a Jihar Zamfara sanadiyyar dalmar da ke cikin duwatsun zinariya da ake niƙawa a gidaje. A ƙasar Senegal kuwa, a wata unguwa da ke gefen birnin Dakar, yara 18 suka mutu tsakanin 2007 da 2008 saboda sana'ar fasa tsofaffin batura. Wanda bai mutu ba, dalma takan taɓa masa ƙwaƙwalwa har abada. Yanzu da kusan kowane layi a Unguwar Dosa da Badarawa da Kabala ake samun gidaje masu inbata, tarin matattun batura yana ƙaruwa kowace shekara. Abin da ya fi shi ne a mayar da tsoho ga dillalin da aka sayi sabo a wurinsa, ba tare da an fasa shi ba.

Amma fa ba daidai ba ne a ɗora wa talaka dukkan nauyin. Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Ƙasa, watau SON, wadda aka kafa tun 1971, ita ke da alhakin hana batura na jabu da na'urori masu adadin ƙarya shigowa kasuwa, kuma ya kamata a riƙa ganin jami'anta a shagunan Kaduna suna aunawa, ba sai a tashar jiragen ruwa ta Ikko kaɗai ba. Hukumar NEMSA, mai duba ingancin haɗa wayoyin lantarki, ta fito da hanya mai sauƙi da magidanci zai gane mai aikin wutar da ke da shaidar ƙwarewa. Hukumar NESREA da Hukumar Kare Muhalli ta Jihar Kaduna su keɓe wuraren karɓar tsofaffin batura a manyan kasuwanni, su kuma hana narka dalma a tsakiyar unguwa. Hukumar Ilmin Fasaha ta Ƙasa, NBTE, a nan Kaduna hedkwatarta take, Kwalejin Kimiyya da Fasaha kuma maƙwabciyar masu sana'ar Panteka ce. Babu abin da zai hana su shirya gajerun kwasa-kwasai cikin harshen Hausa ga matasan da suka rungumi sana'ar haɗa sola da inbata, a ba su takardar shaida. Ƙungiyoyin gama-kai na ma'aikata, waɗanda suka saba sayo shinkafa da babura a biya kaɗan-kaɗan daga albashi, suna iya yin haka da kayan wuta masu inganci, da sharaɗin garanti da ƙwararren mai haɗawa.

Daga ƙarshe, kada kowa ya ɗauka cewa yawaitar batura a gidaje ta sauke wa masu samar da wuta nauyin da ke kansu. Kamfanin rarraba wuta na Kaduna, wanda ke kula da jihohin Kaduna da Sakkwato da Kebbi da Zamfara, da kamfanin da ke riƙe da manyan layuka na ƙasa, su ne ke karɓar kuɗin jama'a, kuma sanar da lokutan ɗauke wuta tun da wuri ba ya bukatar kasafin biliyoyi. Dokar Lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu, ya rage ga mahukunta su yi amfani da wannan dama. Ma'aikacin da ya cire albashin wata biyu ya sayi batir haraji na biyu ya biya a kan wutar da ya riga ya biya. Kafin ranar da za a gyara, abin da ke hannun ma'aikaci da ɗalibi shi ne su lissafa cin kayansu kafin su je kasuwa, su ajiye batir inda ya dace, su kira masani ga aikin da ya fi ƙarfinsu, su kuma riƙa adana kwafin muhimman ayyukansu a wuri na biyu, domin babu batirin da zai dawo da kundin da ya riga ya ɓace. In kunne ya ji, jiki ya tsira.